Ƙulli Daga Lyon

Wata takwas ke nan Alhaji Alasan bai furta sunan Maazou, mai neman auren ɗiyarsa Raliatou, da bakinsa ba. In maganar ta taso sai ya ce "kukun nan na Lyon", ya kau da kai wajen taga.

Laifin Maazou ɗaya ne. Yana aiki a madafar wani gidan abinci na Nasara, inda ake soya alade a tukunya ɗaya, ana zuba giya a miyar da ke kusa da ita. Alhaji ya ce shi ba ya yi wa ɗiyarsa dole. Shekarun Raliatou ishirin da shida, tana aikin awon jini a wata asibiti a Lyon, ta san fari ta san baƙi. Amma albarka tasa ce, ba zai sa ta inda ransa bai kwanta ba.

Ita kuwa ta rantse ba za ta yi aure ba sai da albarkar nan.

Ran Laraba Alhaji ya bugo mata tarho daga gidansu na Saint-Denis, a gefen Paris. Ya ce ta zo ran Lahadi a ci abincin yamma tare, in an gama zai faɗi maganarsa ta ƙarshe. Ya ƙara da cewa Hassoumi ma zai zo. Hassoumi abokin cinikinsa ne na atamfa, mai mota Fijo fara, wanda ya yi shekara biyu yana kawo wa Hajiya, matar Alhaji, turare yana tambayar lafiyar Raliatou.

Da safiyar Asabar Maazou ya rako ta tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu. Watan Yuni ne na 1985. Jirgin yana tsaye, mai launin lemo da dogon hanci kamar kifin da aka hana ruwa.

"Ni zan yi girkin," in ji Raliatou. "Kish ɗin da ka koya mini zan yi. In Baba ya ci ya ce da daɗi, sai in ce masa hannunka ne."

"To, amma da sharaɗi," in ji Maazou. "Wannan karon ba nama. Ko kaza kada ki sa."

"Ba nama? A gidanmu? Inna za ta ce na zo in kunyata ta."

"Ki dai yi yadda na ce."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fiddo wani ɗan ƙulli na takarda, an ɗaure shi da farin zaren da ake ɗaure kaza in za a gasa. Ya danƙa mata, ya rufe yatsunta a kai.

"Muskad ke ciki, kayan ƙamshin girki. Awon kuma na rubuta miki a jikin takardar. Ki kankare kaɗan ki barbaɗa a ruwan ƙwan kafin ki sa a wuta. Kaɗan fa, Rali, in ya yi yawa yana juya kai. Kuma kada ki nuna wa kowa, sirrina ne." Ya yi dariya. "Alhaji in ya ci, bakinsa ba zai iya cewa a'a ba."

Ita ma ta yi dariya. Aka busa usur, ta shiga.

Awa biyu jirgin ya yi yana gudu, shanun Nasara suna komawa baya a gonaki kamar ana jan su da igiya. Ƙullin yana cikin jakarta, ba ta ko tuna da shi ba.

*

Ran Lahadi bayan azahar ta shiga kicin ɗin Inna, a hawa na bakwai. Kicin ne tsukukku, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Ta zuba garin fulawa a kwano, ta yayyanka man shanu mai sanyi a ciki, ta dinga murzawa da kan yatsu har ya koma kamar tsaki. Ta ɗiga ruwa ta dunƙule. Da ba a samu muciyar murji ba, ta wanke kwalbar mai ta murza ƙullin da ita, ta shimfiɗa shi a faranti mai baki kamar haƙoran zarto.

Hajiya Hassia, mahaifiyarta, tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Mene ne sunan abin ma?"

"Kish, Inna."

"Kishi? Yanzu kishi har dafa shi ake yi?"

"Kish. Gurasa ce a ƙasa, ƙwai da madara da ganye a sama."

Hajiya ta leƙa kaskon da alayyafo da puwaro ke laushi a ciki. Puwaro wata albasa ce ta ƙasar nan, da ta ƙi yin kai ta tafi tsawo. Ta leƙa cukun Nasara da aka goge a ɗan farantin shayi, ta buɗe firigo, ta rufe.

"Ina naman?"

"Babu nama a ciki."

"Baƙo zai zo gidan Alhaji Alasan a aje masa ganye da ƙwai kamar mai jinya? Akwai cinyar rago a firigo tun jiya."

"Haka ake yin wannan, Inna."

"Wa ya ce?"

Raliatou ta jawo wani kwano. Ta fasa ƙwai uku, ta zuba madara, ta kaɗa. Sai ta tuna da ƙullin. Ta ɗauko shi daga jaka, ta juya baya kaɗan don ta kwance zaren. Juya bayan nan shi ya jawo komai.

"Me kike ɓoyewa?"

Kafin ta yi magana Hajiya ta fizge. Wani ɗan ƙwallo mai ruwan ƙasa, mai jijiya-jijiya, ya faɗo ya gangara ƙarƙashin murhu. Takardar ta rage a hannun Hajiya.

Hajiya ta buɗe ta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja ƙofar kicin ta rufe a hankali.

An ja layi huɗu a tsaye, an ja wasu a kwance, an yi gida-gida. A kowane gida akwai rubutun ajami da lambobi. A sama kalma ɗaya, a ƙasa wani dogon layi ƙanana-ƙanana.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya da murya ƙasa-ƙasa. "Hatimi. Raliatou, hatimi a kicin ɗina."

"Awon girki ne, Inna. Maazou ne ya rubuta mini."

"To karanta mini."

Nan fa gizo ke saƙar. Raliatou tana da shekara bakwai aka kawo ta daga Maradi aka sa ta lakwal, makarantar boko. Tana karanta Faransanci kamar ruwa, tana biya Alƙur'ani in da wasali, amma Hausar ajami da hannun ɗan tsangaya ba ta iya ba. Kunya ta hana ta gaya wa Maazou. Girkin kuwa da ido ta koya, sau biyu yana yi tana kallo.

"Ban iya ba," ta ce.

"Ba ki iya ba, amma kin san awon girki ne." Hajiya ta matso har numfashinsu ya haɗu. "Me ya ce ki yi da ƙwallon?"

"In kankare in… in barbaɗa."

"Ki barbaɗa. Wa ya ce kada a sa nama?"

"Shi."

"Sharaɗi ke nan. Duk aikin malamai da sharaɗinsa. Ya ce ki nuna mini?"

Hawaye suka cika idon Raliatou. "Ya ce kada in nuna wa kowa. Amma wasa yake yi, Inna, haka yake maganarsa."

"Me kuma ya ce? Ki dube ni. Na ga akwai saura a bakinki."

"Ya ce… in Baba ya ci ba zai iya cewa a'a ba."

Hajiya ta zauna a kan kujerar roba, ta dafe gwiwa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Ɗiyata, a gabana aka yi wa kawunki barbaɗe a cikin fura, ya bar gida da 'ya'ya ya bi wata mata har Agadas, bai dawo ba sai gawarsa. Ni ba labari aka ba ni ba. Yanzu ke da hannunki za ki ɗauko wa ubanki. Shi bai zo ba, ya aiko ki."

"Wallahi Maazou ba haka yake ba. Yana salla, Inna. Ko miyar da aka sa wa giya ba ya ɗanɗanawa, wani yake kira ya ɗanɗana masa."

"Sau nawa kika ci abincin hannunsa?"

Raliatou ta kau da kai wajen kwanon ƙwai.

"Sau nawa? Ke da ko kallon Baba ba ki iya yi ido cikin ido, tun da kika fara cin girkin yaron nan wa kika ƙara saurara? Ki lissafa da kanki. Ni ban ce komai ba."

Ta miƙe, ta ninke takardar ta soke a haɓar zane.

"Zan yi la'asar. Ki nemo abin nan ki jefa a shara."

Da ta fita, Raliatou ta durƙusa ta laluɓo ƙwallon. Ta kai hanci. Ƙamshi ne mai ɗumi, ta san shi, ta sha jin sa a hannun rigar Maazou. Da can in ta ji shi daɗi take ji. Yanzu sai ta tsaya tana tambayar kanta me ya sa take jin daɗin.

Ta tuna ranar farko. Wata ƙawarta ce ta kai ta walimar suna a unguwar Guillotière ta Lyon, shi ya yi girkin. Ta ci, ta ƙara, ta nemi a nuna mata wanda ya dafa. Ita da ba ta tambayar sunan namiji. Cikin sati uku ta fara mafarkinsa.

Ta lallaɓa zaure ta ɗauki tarho ta juya lambar gidan abincin. Aka daɗe kafin a ɗauka. Mai gidan ne, hayaniyar tukwane a bayansa. Ya ce Maazou yana kan wuta, ranar Lahadi ba a kiran ma'aikatansa, ya ajiye.

Ta dawo kicin. Ta ɗauki magogi da hannun dama, ƙwallon a hagu, kwanon ƙwai a gabanta. A asibiti da jini ne da ta ɗiga a gilashi ta duba ta san gaskiya. Wannan babu inda za ta duba.

In Inna ta yi kuskure, me aka rasa? Ɗan ƙamshi. In kuwa Inna ce da gaskiya?

Ta ajiye magogin. Ta jefa ƙwallon a aljihun rigar girkinta. Ta zuba ganye a kan gurasar, ta kwarara ruwan ƙwai, ta watsa cuku, ta tura a tanda. Tandar tana da taga ta gilashi da 'yar fitila a ciki. Ta zauna a ƙasa tana kallon abin yana kumbura yana yin ja, tana kuka ba sauti.

*

Ƙarfe bakwai aka shimfiɗa leda a falo. Rana tana nan sama kamar hantsi, don a ƙasar nan in Yuni ya kama rana mantawa take da hanyar gida.

Hassoumi ya zo da shadda mai ruwan sama, ya gaida Alhaji, ya gaida Hajiya, ya tambayi gida da gajiya da zafi da labarin Maradi. Sannan ya juyo.

"Mutanen Lyon. An ce yau mu ne baƙin Nasara."

"Sannu da zuwa, Malam Hassoumi," in ji Raliatou, idonta a kan wuƙa.

Ta yanka kish ɗin gida takwas ta sa wa kowa. Hassoumi ya ɗaga nasa da cokali ya leƙa ƙarƙashi.

"Baba Alhaji, ni fa irin wannan na san shi a gidajen burodi. Da 'yan gutsattsarin alade suke yin sa."

"Babu nama a ciki ko kaɗan," in ji Raliatou.

"Ah, to. Ashe azumin Kirista muke yi."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya yi bismilla ya kai hannu. Hajiya ta riƙe masa wuyan hannu. Shekara talatin da aure, ba ta taɓa yin haka a gaban baƙo ba.

"Kada ka ci, Alhaji."

Ta kwance haɓar zane ta ajiye takardar a tsakiyar leda. Ta faɗi komai, ƙwallon da sharaɗin da maganar tasha, ba ta rage ba ta ƙara ba. Raliatou ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a farantinta.

Hassoumi ya riga kowa ɗauka. Ya yi shekara biyu a makarantar allo, yana kuma so a sani.

"Bari mu gani. Kaf, shin… kishi. Kun ji ko? Da kishi ma aka buɗe. Ga gidaje, ga lambobi. Nan kuma… ƙwai uku. Hajiya, ƙwai uku. Nan wuta. Arba'in." Ya girgiza kai. "Wannan ba ƙaramin malami ya yi shi ba. Ni da ma na faɗa, mutumin da ke kwana cikin hayaƙin alade…"

"Ba ni," in ji Alhaji.

Ya ɗauko tabarau daga aljihu, ya goge da bakin riga, ya juya takardar wajen hasken taga. Alhaji ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma har yau da ajami yake rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa. Ya karanta a zuci tukuna. Gemunsa ya ɗan motsa. Sannan ya karanta a fili, a hankali, yatsa yana bin gidajen.

"Kish. Da ɗauri a kan shin, Hassoumi, babu wasali. Gari, ɗari biyu da hamsin. Man shanu, ɗari da ashirin da biyar. Ƙwai uku. Madara, kofi ɗaya. Alayyafo. Cuku. Gishiri kaɗan. Muskad, kankara uku. Wuta, minti arba'in."

Ya ɗaga kai ya dubi matarsa ta saman tabarau.

"Hajiya, in wannan hatimi ne, to malamin yunwa yake ji."

Ba wanda ya yi dariya. Hassoumi ya gyara hularsa.

"Akwai layi a ƙasa, Baba Alhaji. Ƙananan nan. A nan ake ɓoye aikin."

Alhaji ya matso da takardar kusa da ido. Wannan karon ya daɗe. Da ya karanta, muryarsa ta sauka.

"Kada a sa nama. Alhaji ba ya cin yankan da bai sani ba, kada a sa shi tambaya a gidansa."

Hajiya ta ɗauke hannunta daga kan leda ta sa a cinya.

Raliatou har ta fara murmushi cikin hawaye. Sai ta ga Baba ya gutsuri kish ɗin, ya kai hanci, ya tauna, ya sake kai hanci.

"Ina muskad ɗin? Na san shi, Larabawan unguwar Barbès suna sayarwa kusa da shagona. Ban ji shi a nan ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Raliatou. Kin sa?"

"Ban sa ba, Baba."

"Hajiya ce ta ƙwace?"

Ƙarya tana nan kusa, Inna ma ta buɗe baki za ta ɗauke mata. Raliatou ta girgiza kai. Ta sa hannu a aljihu ta fiddo ƙwallon ta ajiye a gabansa.

"Yana hannuna. Ni kaɗai ce a kicin. Ni ce ban sa ba."

"Don me?"

"Na ji tsoro."

Alhaji ya cire tabarau ya ninke.

"Wata takwas kina kuka a tarho. Baba ka yarda da shi, Baba mutumin kirki ne, Baba ba ka san shi ba. Ni ban san shi ba, gaskiya ne. Uwarki ba ta san shi ba, tsoronta yana da dalili. Ke kika san shi. Ya ba ki ƙwallo ɗaya ki sa a ƙwai, kin kasa amince masa. Ni kuma kina so in ɗauki ɗiyata sukutum in ba shi."

"Baba…"

"Na ce yau zan faɗi magana. To ga ta. Ba zan ba da ke ga mutumin da ke kanki kike zargi ba. Gobe ciwon kai zai kama ki, ki ce miyarsa ce. Wannan ba aure ba ne."

Hassoumi ya yi gyaran murya. "Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji. Ai gaskiya ɗaya ce."

Raliatou ta dubi ƙwallon. Ta dubi takardar da ba ta iya karantawa, da hannun Maazou a kanta, layi-layi, yana tunanin mahaifinta tun daga Lyon. Ta share fuska da bayan hannu ta miƙe.

"Ina za ki ana magana?" in ji Hajiya.

Ta shiga kicin ta dawo da magogi. Ta durƙusa a gaban farantinta ta fara kankarewa. Sau uku takardar ta ce. Ta wuce uku, ta wuce goma, garin yana zuba har saman kish ɗin ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya cika falon.

"Ya isa, ke," in ji Hajiya. "An ce yana juya kai."

"In ya juya, nawa ne, Inna."

Ta ɗauka da hannu ta ci. Ɗaci ya kama mata harshe, ya hau hanci, idonta ya kawo sabon ruwa. Ba ta tsaya ba. Ta cinye, ta tsince ɓarɓashin da yatsa, sannan ta ɗaga kai ta dubi mahaifinta ido cikin ido.

"Na yi masa laifi, Baba. Gobe zan koma in gaya masa da bakina, har da cewa ban iya karanta rubutunsa ba. In ya yafe mini, shi nake so. In ka hana, zan zauna haka, amma ba zan ƙara zarginsa ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon ta. Ya dubi Hajiya, Hajiya ta dubi ƙasa. Hassoumi ya ɗago agogonsa ya ce ya tuna ya bar mota inda ba a ajiyewa. Ba wanda ya ce masa ya zauna.

Da ƙofa ta rufe, Alhaji ya tura farantinsa a kan leda har ya taɓa gwiwar ɗiyarsa.

"Sa mini. Uku, yadda Maazou ya rubuta."